Ƙafar Inna Hure

Tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabi a farkon daminar nan, kowa a Tudun Gawo ya koyi sabuwar tafiya. Kekunan da suka shekara a jingine a zaure aka kakkaɓe su aka kai wa mai faci. Masu babur suka koyi kashe shi in sun zo gangara, su bar shi ya yi ta silalowa har ya gaji ya tsaya. Wanda ya saba zuwa Ɗanbatta don kawai ya sha shayi ya dawo, yanzu sai ranar kasuwa, ita ma sai ya sami wanda za su haɗa kuɗin mai. Wannan duk babu ce, kuma babu ta shafi kowa, ba a zagin mutum a kanta. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da aka yi wa Zulfa a gidan Shafi'i tela, aka kuma ɗora wa fetur laifin.

Zulfa ita kaɗai ce 'ya mace a wajen Inna Hure ta Kukar Talle, wani ƙauye da ke hayin kwalta, can bayan gonakin gero. A babur ba wata tafiya ba ce. A ƙasa kuwa, mai lafiya ma sai ya yi gumi ya nemi inuwa. Inna Hure tana da ciwon suga, ciwon kuma ya buɗe mata gyambo a tafin ƙafar dama, daidai gindin babban yatsa. Malamar asibiti ta ja wa Zulfa kunne a kan abu biyu: a riƙa wanke shi ana sake bandeji, kuma kada tsohuwar ta taka shi. Ta ce in aka yi sake har wurin ya yi baƙi, to sai dai wuƙa. Shi ya sa duk Juma'a in an sauko daga masallaci Shafi'i yakan ɗauki Zulfa da 'yarsu Ummi ya kai su. Zulfa ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta wanke ta tas, ta duba tsakanin yatsu, sannan ta nuna wa Kulu, matar ƙanen babanta da suke gida ɗaya da Inna, yadda za ta riƙa yi kafin wata Juma'ar. Kulu tana yi, amma tana yi ne tana kawar da kai.

Juma'ar farko bayan tashin mai Zulfa ta shirya kamar kullum. Ta goya Ummi, ta sa hijabi, ta ƙulle auduga da bandeji a leda, ta fito zaure. Ta tarar da Shafi'i ya riƙe babur yana girgiza shi, ya kara kunne a jikin tanki.

"Kin ji?" ya ce. "Ko motsi babu."

"To Baban Ummi, ko ɗan kaɗan ne a sa mana, ai ba nisa."

"Ɗan kaɗan? Kin san yadda ake sayar da shi yau kuwa? Ki bari sai Juma'a mai zuwa, ƙila kafin nan ya sauko."

Ta koma ciki ta kwance goyo. In ba shi haƙƙinsa, ranar gaskiya ya faɗa, tankin a bushe yake.

Mai bai sauko ba, sai ma gaba da ya yi. Da Juma'a ta sake zagayowa aka sake girgiza tanki, Zulfa ta bari sai da ya zauna cin abinci ta kawo tata shawarar.

"To in hau acaɓa mana. Ina da ɗan kuɗin ƙulina."

Shafi'i ya tsame hannunsa daga kwano. "Matata a bayan wani ƙato? In ya taka birki ki riƙe shi a ina? Zulfa, kada ki ƙara yi mini wannan maganar."

"To in tafi a ƙasa. Wallahi zan iya. In bar Ummi wajen Hajiyarka, in fita da sanyin safiya, kafin magariba na dawo."

"A ƙasa! Ki ratsa gonakin mutane, maza na ta noma, kowa ya ɗago ya ce ga matar Shafi'i can tana sassarfa, ga babur a zaure? Me kike so a ce da ni a garin nan? Tun da na auro ki kin taɓa taka hanyar nan da ƙafarki?"

Ga inda aka ɗaure ta ke nan. A gidajen da ake ji da kai a wajenmu, matar aure ba ta fita sai mijinta ya kai ta, gata ake ce wa wannan. Lokacin da mai yake da arha gatan bai cuci kowa ba. Da mai ya tashi, sai Shafi'i ya ajiye kaiwar ya riƙe hanin, bai kuma ga wani abu da ya canza ba.

Hajiya Jumma, mahaifiyarsa, tana bakin ƙofar ɗakinta tana jin su. "Ke dai kin fiye son gida," ta ce. "Mu da aka kawo mu nan sai mu shekara ba mu ga ƙofar gidanmu ba, kuma ga mu ba mu mutu ba. Ba Kulu tana can ba? Nata hannun ba hannu ba ne?"

"Haka ne, Hajiya," Zulfa ta ce, ta tattara kwanuka.

Shagon ɗinkin Shafi'i a Ɗanbatta yake, kuma hanyarsa ta bi ta mararrabar Kukar Talle ne. Ya rage zuwa, amma bai daina ba. Zulfa ta roƙe shi ya ɗauke ta in zai tafi, ya sauke ta a mararraba ta ƙarasa, in ya taso ya tarar da ita a nan. Ya ce mutum biyu sun fi shan mai, kuma shi ba zai ajiye matarsa a bakin titi kamar buhun gyaɗa ba. Sai ta kwance ɗan abin da ta tara a ƙuli-ƙuli ta miƙa masa, ta ce ya sayi man Juma'a. Ya karɓa yana kallon gefe. Tun farkon mako ya zuba man, wai don kada ya ƙara tashi kafin ranar. Kafin Juma'ar ta zo hanyar Ɗanbatta ta shanye shi ƙaf.

"In ban je shago ba me za ku ci a gidan nan?" ya ce, tun ba ta tambaya ba. "Tuwon da kike tuƙawa daga sama yake faɗowa? Ki yi haƙuri mana, ai ba guduwa Kukar Talle za ta yi ba."

Ba zan ce Shafi'i ba shi da zuciya ba, da ma ba shi da ita da labarin ya fi sauƙin faɗa. Duk sanda ya iso mararrabar nan sai ya ƙara wuta ya wuce ba ya kallon hannun hagu. Wani lokaci ya tsaya ya sayo wa Zulfa tsire a takarda, ya ajiye mata ba tare da ya ce na mene ne ba. Ita ta san na mene ne. Sai ta yayyanka wa Ummi, sauran ta kai wa Hajiya. Ya san bai kyauta ba, amma da ya zauna a majalisa ya ji kowa yana tsine wa tsadar mai, sai ya ji ya sami abokan kuka, ya koma gida da ɗan sanyi a ransa.

Waya ce ta rage, ita ma rabi. Kunnen Inna Hure ya yi nauyi, ba ta ji a waya, sai dai Kulu ta karɓa ta ɗaga murya ta maimaita mata.

"Ƙafar fa ta fara ruwa," Kulu ta ce wata rana. "Ni ina wankewa, amma in na zo wajen ramin nan sai in kasa taɓawa. Ita kuma ba ta bari in matsa. Cewa take a jira ki, ke kika iya."

"Ruwan sama ne ya ɓata hanya, Gwaggo Kulu. Ina nan zuwa."

Da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki sai ta ce aiki ne ya yi wa Baban Ummi yawa. Bayan wannan ta ce babur ɗin yana wajen bakanike. Kulu ta ce an fara jin wari, wata maƙwabciya ta kawo garin magani sun barbaɗa. Zulfa ta yi ta roƙonta kada su ƙara sa komai, ruwan gishiri kawai, ta sake kwatanta mata yadda ake naɗa bandeji, tana yi tana kwatantawa da hannu kamar Kulu tana ganinta. Da ta kashe wayar ta zauna a bakin murhu har wuta ta mutu.

Sai ranar da Kulu ta kira da hantsi, muryarta a sanyaye.

"Zulfa, ga ta nan kusa da ni. Ta ce in tambaye ki, wai ko wani laifi ta yi miki, ko ta yi wa maigidanki? Ta ce in ta yi, ku yafe mata."

Zulfa ta danne wayar a ƙirjinta. Hawaye suka zubo mata. Hajiya Jumma tana gefe a kan tabarma tana tsinkar zogale, ta ji komai.

"Hajiya, me zan ce mata?"

"Ki ce ba ki da lafiya mana."

"Hajiya, ƙarya fa ke nan."

"To faɗa musu gaskiyar. Ki ce mijinki ya kasa sayen man da zai kai ki, gobe duk Kukar Talle a ji, su zo suna yi mana kallon matsiyata. Gidanku kike son ki tona masa asiri? Ke ba a koya miki rufa wa miji asiri ba?"

An koya mata, Inna Hure ce ma ta koya mata. Ta mayar da wayar kunnenta ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita, shi ya sa. Tana ji Kulu ta ɗaga murya, "Wai ba ta da lafiya ne! Zazzaɓi!" Tana kuma jin muryar mahaifiyarta daga nesa, a tsorace: "Subhanallahi! Tun yaushe? An kai ta asibiti?"

"Ki ce mata da sauƙi," Zulfa ta ce.

Da yamma Hajiya ta gaya wa Shafi'i abin da aka yi, tana jin ta yi dabara. Ya sosa ƙeya, ya fita masallaci. Bai ce an kyauta ba, bai kuma ce a gyara ba.

Daga ranar Inna Hure ba ta ƙara cewa Zulfa ta zo ba. Duk kira sai dai a tambayi jikinta, ko ta ci abinci, ko an yi mata allura. In Zulfa ta tambayi ƙafa sai Kulu ta ce da sauƙi, a gajarce, kuma Zulfa ta gane an hana ta faɗa ne don kada a tayar wa mara lafiya hankali. Uwa tana ɓoye ciwon gaske, 'ya tana riƙe da na ƙarya. Wannan ya fi ci wa Zulfa rai fiye da duk faɗan Shafi'i. Ta daina jin ɗanɗanon abinci. Tana tuƙa tuwo ta manta ba ta sa kanwa ba. In ta idar da salla sai ta daɗe a zaune tana neman gafara, ba ta ma san wanne za ta fara ambata ba, ƙaryar da ta yi ko uwar da ta bari. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa, Hajiya kuwa ta ce ai ga shi nan, dama ba ta da lafiyar.

Sau ɗaya ta yi yunƙuri. Shafi'i yana Ɗanbatta, Ummi tana barci, ta zura hijabi ta ɗauki ledar auduga ta fito har bakin zaure. Ga hanya nan ta shige cikin gero, babu kowa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Duk abin da ta taɓa ji a wa'azi game da matar da ta fita ba da iznin mijinta ba ya dawo mata, sai kuma ta ji tarin Hajiya daga cikin gida. Ta koma. Ta yi kuka ranar, rabi don an hana ta, rabi don ta hanu.

Ana haka bikin Najib ya taso, abokin Shafi'i ne na majalisa, za a ɗaura aure a Zakirai ranar Asabar. Abokai suka shirya za su tafi a jere a kan babura, kowa da nasa, don wanda ya bi motar haya an san abin da za a ce da shi. Shafi'i ne ya ɗinka kayan ango. Ranar Juma'a da safe Zulfa ta tare shi a zaure, ba ta ma shirya ba, ta gaji da shiryawa.

"Baban Ummi, yau fa Juma'a."

"Na sani. Babu ne, Zulfa. Da akwai me zai hana?"

Ya tafi Ɗanbatta ya ba da kayan ango, aka biya shi. Daga masallaci ya wuce gidan mai ya ce a cika, abin da bai yi ba tun farkon damina. Ya tsaya yana kallo har man ya kawo wuyan tanki. A hanyar dawowa da ya iso mararrabar Kukar Talle ya sassauta, har ya sauke ƙafa ɗaya. Ya san in ya je gida ya ɗauko ta yanzu, abin da za a ƙona ba zai hana shi zuwa Zakirai ba, sai dai ya rage masa na dawowa. Ya ce a ransa in ya kai ta yau, kowace Juma'a ma za ta sa rai. Ya ce bari dai a gama bikin nan, abin da ya rage nata ne, wallahi nata ne. Ya ɗauke ƙafarsa ya wuce.

Ya shigar da babur zaure ya jingine. Zulfa ta kawo masa ruwa, ta kalle shi, ta kalli babur.

"Daga kwalta ma turo shi na yi," ya ce, ya kafa kai a kofi.

Bayan la'asar yana zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida shi da abokai suna tsara tafiyar gobe, sai wani ya zuba wa hanyar gona ido. Wata tsohuwa ce ta fito daga cikin gero, tana dogara sanda, da ɗan ƙunshi a kanta. Ƙafarta ta dama a naɗe take da tsumma, an ɗaura leda a kai, ledar ta yage tana jan ƙasa. In ta taka sai ta tsaya, ta ja numfashi, ta sake takawa. Shafi'i ya miƙe bai san ya miƙe ba. Ya cire takalmansa ya durƙusa a bakin hanya, kamar yadda suruki yake yi.

"Inna, sannu da zuwa. Inna, ke da wa?"

Inna Hure ta ja mayafinta ta kawar da fuska, don ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. "Malam, mun same ku lafiya? Ya mai jikin?"

Abokansa suna jinsa. "Da sauƙi, Inna," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai ba.

Ta wuce shi ta shiga zaure. Daga cikin gida kuwa ƙarar taɓarya ce take tashi, mai ƙarfi, ta mutum mai lafiya.

Zulfa tana tsakar gida tana surfe, ta juya wa ƙofa baya. Sallamar ce ta sa ta waiwayo. Taɓaryar ta suɓuce mata ta bugi turmi ta faɗi ƙasa. Inna Hure ta tsaya tana kallonta, ta kalli turmin, ta sake kallonta. Sannan ta matso a hankali ta ɗora bayan hannunta a wuyan Zulfa, kamar yadda take yi mata tana yarinya.

"Jikin babu zafi. Kin warke?"

Zulfa ta zube a gabanta. "Inna, ki yafe mini. Lafiyata ƙalau."

"Me kika ce?"

Dole ta ɗaga murya, don Inna ba ta jin raɗa. "Na ce lafiyata ƙalau, Inna! Ban yi ciwo ba! Ƙarya na yi miki!"

Duk gidan aka ji. Hajiya Jumma da ta fito da tabarma ta tsaya da ita a hannu. Shafi'i yana bakin zaure ta ciki, shi ma ya ji, maƙwabta ta bayan danga ma sun ji.

Inna Hure ta dogara da sandarta. "To alhamdu lillahi," ta ce. "Tun da lafiya kike, alhamdu lillahi. Ba ni wuri in zauna."

Aka shimfiɗa mata, aka ba ta ruwa ta sha da ƙyar. Tun da safe ta fito, da Kulu ta tafi gona, ta yi ta tafiya tana hutawa a gindin itatuwa. Ta sauke ƙunshin kanta ta kwance. Gorar lemo ce ta roba a ciki, an toshe bakinta da leda, cike da fetur, irin wanda 'yan bumburutu suke sayarwa a bakin kwalta.

"Kazata na sayar," ta ce. "Na ji an ce yanzu mai ya gagari mutane. Na ce ƙila shi ya sa ba a kai ki asibiti ba, kina kwance a ɗaki."

"Inna, da kuɗin ai sai ki hau babur!" Zulfa ta ce cikin kuka. "Me ya sa kika taka ta?"

"Kuɗin ɗaya ne. In na hau, da me za a kai ki?"

Zulfa ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta ta fara kwance tsumman. Ya manne, sai da ta jiƙa shi da ruwa. Tun kafin ta kai ƙarshe warin ya cika tsakar gida, Ummi ta gudu bayan kakarta. Ƙafar ta kumbura har sama da idon sawu, tana sheƙi. Ƙasa da tsakuwa sun shige cikin gyambon. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin, baƙin kuma ya fara hawa bayan ƙafa. Zulfa ta taɓa yatsan ta ce, "Inna, kina ji?" Inna ta ce ba ta jin komai a wurin, ai shi ya sa ma ta iya tafiyar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Hajiya Jumma ta ce, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Amma Kulu ba ta kyauta ba. A bar ƙafa ta zama haka?"

Zulfa ta ɗago ta kalli surukarta. Hajiya ce ta sauke ido. Zulfa ta san abin da baƙin nan yake nufi, an gaya mata tun farko. Yatsun sun tafi. Abin da ya rage shi ne a ina wuƙar za ta tsaya.

"Asibiti za mu tafi yanzu," Shafi'i ya ce daga inda yake durƙushe. "Yanzu-yanzun nan. In Kano ce ma mu wuce."

"Kada ku ga laifin Malam," Inna Hure ta ce, tana magana da Zulfa amma don shi take yi. "Na san da akwai da ya kawo ki. Kowa kuka yake. Mu ma can babura duk a jingine suke."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tashi ya fito da babur ƙofar gida. Abokansa sun watse, saura biyu da suka tsaya nesa-nesa. Zulfa ta naɗe ƙafar da sabon bandeji daga ledar nan da ta daɗe a rataye, ta sa hijabi ba ta tambayi kowa ba, ta tallabo mahaifiyarta suka fito. Inna ta rungumo gorarta a ƙirji. Shafi'i ya ɗora ƙafa zai tayar.

"Tsaya, Malam," ta ce, ta miƙa gorar ta gefe, fuskarta a kawar. "Zuba wannan tukuna."

Ya ɗaga murya don ta ji. "Inna, ki bar shi. Za mu ƙarasa."

"Da me za mu ƙarasa? Kada mu tsaya a hanya da yamman nan. Zuba, ai don shi na ɗauko."

"Inna, don Allah..."

"Ko ka raina ne?"

Suruki ba ya jayayya da uwar matarsa, balle a ƙofar gidansa, mutane na kallo. Kuma ƙaryar da ya iya yi wa Zulfa a zaure bakinsa ya ƙi ɗaukarta a gaban tsohuwar nan. Ya karɓi gorar da hannu biyu. Ya murɗe murfin tanki, ya kare da jikinsa iya yadda zai iya, ya cire ledar ya karkata gorar a hankali, yana fatan ƙasa ta buɗe.

Ko wuyan gorar bai gama sauka ba man ya taso. Ya cika bakin tanki, ya malalo ta gefe, ya bi jikin inji yana ɗiga a ƙasa. Warinsa ya tashi. Shafi'i ya tsaya da gorar a hannu, kusan yadda aka ba shi ita.

Zulfa ta kalli man da yake zuba, ta kalli mijinta. Bai ɗago ba.

Inna Hure ta leƙo ta kafaɗar 'yarta, ta daɗe tana kallon bakin tankin. A karo na farko tun da ya auri Zulfa ta juyo ta dubi fuskarsa.

"Ashe akwai," ta ce.